Za mu kafa ƙungiyar gama kai ta magina tukwane, ta ina za mu fara?

Mai Tulu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mu 11 ne magina tukwane, mata 8 maza 3. Kowa na gini a gidansa, kowa na neman yumɓunsa da itacensa shi kaɗai, masu sari kuma suna bin mu ɗaya bayan ɗaya suna karya mana farashi. Mun yanke shawarar yin ƙungiyar gama kai: mu kama rumfa ɗaya, mu gina tanderu na zamani, mu riƙa sayarwa tare. An zaɓi shugaba da ma'aji, har an fara gardama a kan suna da tambari, daga nan sai abu ya tsaya cik. Waɗanda suka taɓa yi, me ya kamata ya zo farko? Rajista, ko tara kuɗi, ko neman wuri?

Baba Mai Matoya: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye duka ukun tukuna. Koma wurin mutanenki ki yi musu tambaya ɗaya: ranar da aka buɗe tanderu aka tarar rabin kaya sun fashe, asarar wa ce? In kun amsa wannan a rubuce, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, to kun kafa ƙungiya. In ba ku amsa ba, sunan da tambarin ku ajiye su, za su yi muku amfani a takardar rabon kaya.

Inna Maginiya: Wace tambaya ce wannan kuma, Malam? Tukunyar da ta fashe ta mai ita ce. Haka muka taso muka gani.

Baba Mai Matoya: Yaya, haka ne in kowa na toya nasa. Amma a tanderu ɗaya tukunya ba ta mutuwa ita kaɗai. A ce wata ta yi gaggawa ta kawo randa mai kauri wadda bayanta ya bushe amma cikin jikinta da sauran danshi. Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin salshiyas ruwan nan zai zama tururi, in bai samu hanyar fita a hankali ba sai randar ta tarwatse, ɓaraguzanta su bugi duk abin da ke kusa da ita. Tulunki da kika yi mako kina gyara yana gefe. Shi ma "na mai shi ne"?

Ga kuma laifin da ba na magini ba. A wajen digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suna kumbura farat ɗaya, in ana hucewa kuma su tsuke a daidai wurin. Mai hura wuta in ya yi sauri a nan, ko ya matsu ya buɗe ƙofa kaya ba su huce ba, za a ji ƙas, ƙas, manyan kaya su tsage daga baki har gindi. Wannan laifin mai wuta ne.

Sai na uku, wanda ya fi haɗa faɗa. Tsakuwar farar ƙasa in ta shige cikin yumɓu, tukunya za ta fito lafiya lau, a sayar, bayan kwanaki tsakuwar ta sha danshin iska ta kumbura ta ɓantare jikin tukunyar. Mai saye ya dawo da ita. Wa ya tace yumɓun? In na ƙungiya ne, kowa zai nuna wani.

Inna Maginiya: To ai shi ya sa ni ban son haɗa wuta da kowa.

Malam Akawu: Inna, ba gudun haɗawar za a yi ba, raba laifin za a yi tun kafin ya faru. Ga yadda na ga ya fi zama lafiya. A naɗa mutum biyu masu duba kaya kafin a loda. Abin da suka ƙi, ya jira wuta ta gaba, ko na shugaba ne. Abin da suka karɓa ya fita daga wuyan mai shi. Sannan duk wuta, kowa ya ajiye ɗan wani abu a asusun asara gwargwadon wurin da ya ci. In kayan mutum suka fashe su kaɗai, ya haƙura. In kayan wani suka fasa masa, ko wuta ta ɓaci gaba ɗaya, asusu ya biya shi kuɗin yumɓu da na wuta, ba kuɗin kasuwa ba. In kuka ce kuɗin kasuwa, wata uku asusun ba zai kai ba, kuma za a fara jin wasu na cewa tukunyarsu da ta fashe ita ce mafi tsada a duniya.

Hajiya Mai Randa: Wallahi kuwa. Tukunyar da ta fashe kullum ita ce wadda "an riga an yi ciniki".

Mai Tulu: Malam, ka ce gwargwadon wurin da mutum ya ci. Mu mun yi tunanin ƙirga kaya, kowace tukunya kuɗi kaza.

Baba Mai Matoya: Kada ku soma. Randa ɗaya tana cin wurin kofuna masu yawa. In aka bi ƙirge, mai ƙananan kaya ne ke biya wa mai manya wuta. Ku auna da wuri: a yi akwatin katako na gwaji, ko a raba kowane bene na tanderu, wato kantar da ake jera kaya a kai, gida huɗu, mutum ya biya kuɗin gidajen da ya cika. Kuma ki sani, babu tanderun da zafinsa yake daidai ko'ina. Akwai lungun da wuta ke lasa, akwai wanda ba ta kaiwa sosai. Mai lodi ya san su, kuma in ba a kula ba kayan abokansa ne za su riƙa samun wuri mai kyau. Ku riƙa juyawa, wanda ya samu tsakiya yau ya koma gefe gobe, a rubuta a littafi.

Ɗan Kasko: Ni fa ina da tambayar da kowa ke kauce mata. Irin wannan ƙungiyar muka so yi. Ni nake da keken gini mai juya yumɓu, ni na san haɗa ruwan sheƙi da ake shafa wa kaya kafin a toya don su yi ƙyalli, kuma fiye da rabin kuɗin tanderu daga aljihuna zai fito. Sai aka ce wai ƙuri'ata ɗaya, daidai da wanda bai kawo komai ba sai hannunsa. Don Allah ina adalcin yake?

Malam Akawu: Ƙanena, wannan shi ne ƙashin bayan gama kai, ba ƙari aka yi maka ba. A 1844 wasu mutum 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka tara fam guda guda suka buɗe ɗan kanti. Abin da ya sa ake tuna su har yau dokokinsu ne: mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, jari yana samun ƙayyadajjen amfani, rarar da aka samu kuma a raba gwargwadon cinikin da mutum ya yi da ƙungiya, ba gwargwadon kuɗin da ya zuba ba. Ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya da aka kafa a 1895 ya sake rubuta waɗannan ƙa'idoji a 1995 suka zama guda 7, kuma mulkin 'yan ƙungiya da ƙuri'a daidai yana nan a matsayi na biyu. Dalilin a fili yake. Ranar da mai kuɗi ya samu rinjaye, sauran sun zama ma'aikatansa, sai dai ma'aikatan da ke ɗaukar asara kuma.

Ɗan Kasko: Tarihi mai daɗi, Malam. Amma masaƙan nan fam guda guda suka zuba, duk daidai. Ni ba daidai muka zuba ba. A ce gobe mutum shida suka ɗaga hannu suka ce a sayar da tanderun da na biya fiye da rabinsa?

Malam Akawu: Nan ka zo da magana. Maganinta kada ka zuba kuɗin a matsayin hannun jari. Kowa ya sayi hannun jari ɗaya daidai da na kowa, ɗan abin da mafi ƙarancin ƙarfi a cikinku zai iya, ko da a biya kashi kashi. Abin da ya haura wannan, ka ba ƙungiya bashi da takarda: nawa ne, yaushe za a fara biya, kuma in aka sayar da tanderu kai za a fara sallama. Keken ginin kuma naka ne, ka ba ƙungiya haya, a rubuta wa ke gyara in ya lalace. Kuɗinka ya tsira, ƙuri'arka ta zauna ɗaya.

Hajiya Mai Randa: Ni kuma zan faɗa maka abin da Malam ke jin nauyin faɗa. In ranka bai kwanta da a ƙi shawararka a taro ba, ka buɗe masana'antarka ka ɗauki mutane aiki ka biya su. Ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Abin da ke kashe mutane shi ne a kira abu ƙungiya, alhali kowa ya san mai shi.

Ɗan Kasko: Hajiya kin kore ni ke nan 😂

Hajiya Mai Randa: Ban kore ka ba ɗana, hanya na nuna maka guda biyu.

Mai Tulu: Mu ma muna da irinsa, kawu ne ga biyu daga cikinmu, shi ya ce zai ba mu fili kyauta.

Malam Akawu: Ku gode masa, sannan ku roƙe shi ya karɓi haya ko ƙanƙanuwa ce, da takarda mai shekaru a rubuce. Tanderun bulo ba ya ɗaukuwa. In kun gina a filin "kyauta", ranar da aka saɓa, ko ranar da magada suka zo, sai ku bar shi a nan. Sannan ku rubuta hanyar fita tun yanzu da kowa ke dariya: wanda zai bar ƙungiya ya ba da sanarwar wata nawa, a mayar masa da hannun jarinsa cikin wane lokaci, kuma ba shi da rabo a jikin tanderu. Wanda ya rasu, magada su karɓi kuɗinsa, amma kujerarsa sai taro ya amince da wanda zai hau.

Inna Maginiya: Duk na ji. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne sayarwa tare. Hannuna daban, na 'yar da ta fara bara daban. Masu saye na sun san bakin tuluna ko a duhu, da sun shafa. A zuba nawa da nata a rumfa ɗaya a buga musu tambari ɗaya, ita ta ci sunana, ni in ɗauki kunyarta?

Ɗan Kasko: A nan ina bayan Inna ɗari bisa ɗari.

Malam Akawu: Akwai inda aka yi haka kuma ya ɗore. A ƙasar Japan akwai ƙauyen magina da ake kira Onta, gidaje wajen 10 ne, sun shafe shekara 300 suna aikin. Da ƙarfin ruwan rafi suke daka yumɓu, wasu gidajen suna tarayya a tanderu ɗaya, kuma ba a sa sunan magini a jikin kaya, sunan ƙauyen kawai ake bugawa.

Inna Maginiya: Su da suka gaji abu ɗaya daga kakanni, hannunsu ya zama ɗaya. Waɗannan jiya suka haɗu.

Malam Akawu: Na karɓa, Inna. Ban kawo su don a kwaikwaya ba.

Hajiya Mai Randa: Ni da nake zaman rumfa bari in faɗi abin da nake gani. Ciniki iri biyu ne. Akwai mai zuwa ya ɗaga tulu ɗaya ya juya shi ya ƙwanƙwasa ya saya don ya burge shi. Wannan hannun magini yake saye, a bar masa sunan magini. Akwai kuma mai otal ko mai sayar da furanni da zai ce yana son tukwane 200 girma ɗaya nan da wata guda. Wannan ba ruwansa da Inna, kuma Inna ita kaɗai ba za ta iya ba. To ku buga alama biyu a gindin kowane abu, ta ƙungiya da ta magini. Abin da mutum ya yi don kansa, kuɗin nasa ne, rumfa ta cire la'adarta, kashi 10 ko 15 cikin 100, yadda kuka shirya. Babbar oda kuwa ta ƙungiya ce: a yi samfuri, a auna tsawo da faɗin baki da nauyin curin yumɓu, a raba wa masu so, a biya kowa a kan abin da ya wuce dubawa.

Abin da zai karya ku ba wannan ba ne ma. Mai sari zai zo rumfa ya ji farashi, ya yi murmushi, ya zagaya ta bayan gida wurin wadda ɗanta ba shi da lafiya, ya saya a rabin kuɗi. Ba za ki zarge ta ba, buƙata ce. Gobe ya dawo rumfa ya ce ai ga yadda ya saya jiya. In ba ku da ɗan asusun da za a ba mutum wani kaso na kuɗin kayansa tun ranar da ya kawo, kafin a sayar, dokar "kada a sayar a waje" takarda ce kawai.

Mai Tulu: Hajiya kamar kina cikinmu. Wannan ya faru makon jiya, tun ba a fara ba.

Inna Maginiya: Alama biyu na yarda. Amma "wuce dubawa" ɗin nan fa? Yara su zauna su ce tuluna bai yi ba?

Baba Mai Matoya: Yaya, ba kyau za su duba ba, kyau ba ya aunuwa, kuma duk kwamitin da ya shiga nan ya shiga uku. Abin da kowa zai iya gani da idonsa za a duba. A ƙwanƙwasa, in ta yi ƙara tangararan lafiya, in ta yi bif akwai tsaga ko ba ta toyu ba. A ajiye a kan tebur a ga ko tana rawa. A zuba ruwa a kwana, a ga tsattsafo ne irin na tulu ko yoyo ne. A gwada murfi. Shi ke nan. Kuma ke ya kamata ki shugabanci masu dubawar.

Inna Maginiya: Ka ga yanzu ka yi magana.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba maginiya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, ƙanwata ce ke gini. Abu biyu nake roƙo a sa a dokokinku. Na farko dalma. Wasu ruwan sheƙin da ke narkewa a ƙaramin zafi da dalma ake haɗa su, suna ba da ƙyalli mai ɗaukar ido, amma abinci mai tsami yana jawo ta daga jikin kwano. Gubar dalma ta fi yi wa yara da masu ciki illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a gani sai ta yi ɓarna. Kada wani ya shigo da garin sheƙin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Na biyu ƙura. Busasshen yumɓu yana da ƙurar silika, wato garin yashi mai laushi, shekara da shekaru tana taruwa a huhu ta sa ciwon da ba ya warkewa. Mutum 11 a rumfa ɗaya ƙurarsu ba irin ta mutum ɗaya a tsakar gida ba ce. A daina shara da tsintsiya a bushe, a yayyafa ruwa a goge. Masu daka da tankaɗe su sa abin rufe hanci na ƙwarai, ba ƙyalle ba. Yara kuma kada a shimfiɗe su a wurin.

Ɗan Kasko: Anti ta yi gaskiya, kuma akwai sheƙi marar dalma, ana haɗa shi da sinadarin boron, ko da toka da ƙasa in tanderu na kai zafi mai yawa. Tunda an zo nan, a ƙara da dokar yumɓun waje. Yumɓun tukwane na gargajiya yana toyuwa ƙasa da digiri 1,000 ko kusa da haka. Kayan da ake toyawa su yi tauri kamar dutse, irin kofi da faranti masu ƙarfi, suna son wajen 1,200 zuwa 1,300. Wani ya saka jan yumɓu a wutar 1,280 a ɓoye, sai ya narke ya malale a kan bene ya manne da kayan mutane. Benen tanderu kuwa tsada gare shi.

Baba Mai Matoya: Shi ya sa nake tambayar 'yata, tanderun zamani na me? Me kuke sayarwa yanzu?

Mai Tulu: Tulu, randa, tukunyar girki, kaskon fure, asusu. Muna so mu fara kofuna da faranti masu sheƙi.

Baba Mai Matoya: To ki lura. Tulu yana sanyaya ruwa ne don jikinsa na tsattsafo, iska na busarwa. Tukunyar girki tana jure harshen wuta ne don jikinta a buɗe yake. Ki kai su zafi mai yawa jikinsu ya toshe, tulu ya daina sanyi, tukunya ta tsage a kan murhu. Wato kayan da ke ciyar da ku yau ba sa buƙatar babban tanderun nan. Ginannen matoya mai bango da rufi, wanda zai rage cin itace ya rage fashewa, ya ishe su. Kofuna masu sheƙi kuwa sana'a ce sabuwa: yumɓu daban, wuta sau biyu, ma'aunin zafi, da watanni na gwaji kafin a sayar da ko ɗaya.

Ku tuna cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila, ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta riga ta ƙware a ginin hannu, a can aka riƙa yi wa randunanta sheƙi ana toya su a babban zafi har suka zaga Turai. Sun yi kyau ƙwarai, amma sun tashi daga randar ruwa sun koma kayan ado, masu sayensu ma daban. Kuma wannan cibiya gwamnati ce ke riƙe da ita. Ku ba ku da gwamnati a baya, aljihunku ne.

Ɗan Kasko: Baba, in kowa ya tsaya a tulu yaushe za a ci gaba? Roba ta cinye kasuwar tulu.

Baba Mai Matoya: Ban ce a tsaya ba, ɗana. Na ce kada a ci bashin tanderu a kan kayan da ba a iya yi ba tukuna. Tulun ne zai biya kuɗin gwajin kofin.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a riƙa taƙaitawa, kuma masu turo tallan keken gini a nan su daina, zan goge.

Malam Akawu: Bari in koma kan tambayarta ta asali. Ni a ganina ku fara da abin da ba ya buƙatar amana mai yawa: sayen yumɓu da itace tare, da hayar mota ɗaya. Kowa zai ga sauƙin a aljihunsa nan take, kuma a nan za ku gane wa ke biya a kan lokaci, wa ke da labari. Bayan wasu watanni ku haɗa wuta. Sayarwa tare ta zo ƙarshe. Rajista ku yi ta idan dokokinku sun zauna, domin ofishin da ke rajistar ƙungiyoyin gama kai zai nemi dokokin, da sunayen mambobi, da rahoton taron kafawa, kuma kowace ƙasa da mafi ƙarancin adadin mutanen da take nema, sai ku je ku tambaya. Amfaninta ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ku sa hannu a haya da kwangila. Sau da yawa ofishin na da samfurin dokoki. Ku karɓa, amma ba za ku samu maganar fashewar randa a ciki ba, wannan ku za ku ƙara.

Hajiya Mai Randa: Kuma kada a yi rajista don an ji ana rabon tallafi. Ƙungiyar da tallafi ya tara, ranar da ya ƙare take watsewa. Na ga tanderun lantarki da aka ba wasu mata kyauta, ga shi sabo fil, wutar da za ta ɗauke shi babu, mai gyara babu. Kwanduna ake ajiyewa a ciki.

Mai Tulu: To batun aikin da ba na gini ba fa? Tace yumɓu, shara, kwana a bakin wuta, zaman rumfa. Yanzu ma mu uku ne ke yin komai.

Malam Akawu: Haka zai ci gaba har ku uku ku gaji ku yi fushi, in ba ku sa wa aikin farashi ba. Ku yi jadawali a manna a bango. Wanda ba zai iya ranarsa ba ya samo madadi ko ya biya, kuɗin ya tafi ga wanda ya yi. Mai kwana a bakin wuta kuwa a biya shi ladansa daga kuɗin wuta, don aiki ne na gwani. Hukunci kuma ya hau a hankali. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin jama'o'in da ke tarayya a ruwan noma da daji da wuraren kamun kifi. Cikin abubuwan da ta gani a wuraren da suka ɗore akwai cewa masu amfani da abin su ne ke tsara dokarsa, su ne ke sa ido, kuma horon farko ƙarami ne, sai an maimaita yake girma. Kashedi, sannan tara kaɗan, sannan a hana mutum wuta ɗaya. Kora ta zama can ƙarshe, kuma taro ne zai yi ta ba shugaba ba.

Kuɗi kuwa, mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, kuma kada su fito gida ɗaya. Cire kuɗi sai da hannu biyu. Kowane wata a karanta lissafi da baki a gaban kowa, abin da ya shigo, abin da ya fita, wa ake bi, domin wanda bai iya karatu ba shi ma kuɗinsa ne.

Inna Maginiya: A karanta wa ake bi a gaban mutane? Malam, za ka tona asirin mutane.

Malam Akawu: In ba a karanta ba, Inna, ma'aji ake zargi.

Inna Maginiya: A kira mutum gefe tukuna. In wata ya zagayo bai motsa ba, sai a karanta.

Malam Akawu: Wannan ya fi nawa.

Mai Tulu: Na dawo da labari. Mun zauna jiya, na kai tambayar Baba. Har magariba ba mu tashi ba. Biyu sun ce su ba za su yarda wani ya hana kayansu shiga wuta ba, sun janye, ba faɗa. Mu 9 muka rage. Kawu ya yi ɗan fushi da maganar haya, daga baya ya ce a kawo takardar. Mun fasa babban tanderu a bana, za mu fara da sayen yumɓu tare. Sai dai ga sabuwar rigima: wurare biyu ake samo yumɓu, kowane ɓangare ya rantse nasa ya fi, kuma mota ɗaya za mu iya.

Ɗan Kasko: A kaɗa ƙuri'a mana, ba ku ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba 😄

Baba Mai Matoya: Wannan ba na ƙuri'a ba ne. Ku ɗebo kaɗan daga kowane wuri, ku yi 'yan allunan yumɓu masu kauri ɗaya, na farko, na biyu, da gaurayen su biyun, wasu kuma ku zuba musu dakakken tsingaro. A kan kowane ku ja layi mai tsawon santimita 10 tun yana ɗanye, ku sa alama a baya wadda mutum ɗaya kaɗai ya san ma'anarta. Ku auna layin in ya bushe, ku sake aunawa bayan wuta, za ku ga wanda ya fi tsukewa da wanda ya lanƙwashe. Sannan ku auna nauyinsu, ku jiƙa su a ruwa kwana ɗaya ku sake aunawa don ku san wanda ya fi shan ruwa. Ku bar wasu a ajiye mako biyu saboda tsakuwar farar ƙasa. Wataƙila ku tarar ɗaya na tulu ne, ɗaya na kaskon fure, sai motar ta riƙa zuwa nan wannan wata, can wata mai zuwa.

Mai Tulu: Za mu yi ranar Asabar in sha Allah. Baba, tsingaron kashi nawa za mu fara da shi?

Baba Mai Matoya: Ku gwada ɗaya cikin goma da ɗaya cikin biyar. Ki turo hoton allunan bayan wuta, da ma'aunin a gefensu.